Layin da Inji Ba Ya Gani

Shekarar da aka karya darajar sefa, maigidana Lawali ya zama marubuci, ni kuma na shiga uku. Likitan bisashe ne na gwamnati a Tawa, amma likitancin ya koma zaman buro, wato ofis, da korar ƙuda. Albashi sai an manta da shi yake zuwa. Motar aiki tana kan duwatsu babu taya, kuma ko da tana tafiya, wa zai kai kansa arewa ana cikin tawaye? Makiyaya suka koma sayen magani a kasuwa suna soka wa dabbobinsu da kansu, kowa da awon da ya ga dama.

Sai ya zauna ya rubuta ɗan littafi da Hausar boko: ciwo kaza, alamarsa kaza, maganinsa kaza, awonsa kaza. Ba yabon miji ba, littafin ya yi kyau. Ya sayar da babur ɗinsa, ya tafi Sakkwato aka buga masa, ya dawo ya sa masa kuɗi jika biyu.

Na ce, "Baban Habi, jika biyu a wannan marra? Mutane hatsi suke nema."

Ya ce in je in tambayi kuɗin takarda tukuna, sannan in zo in koya masa ciniki.

Akwai wani Adamu a bakin tasha, mai injin fotokofi da ya shigo da shi daga Najeriya. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ke ba ni haushi. Ya sayi littafi guda, guda tak, ya warware shi, ya ɗora a kan injinsa. Kafin wata ya mutu littafin maigidana yana kan tabarma a kasuwar Kalfu da ta Barmu, baƙi-ƙirin, an ɗinke shi da zare, dala sittin, ko rabin jika bai kai ba. Har da sunan Lawali da hotonsa a bango. Namu kuwa suna jibge a ƙarƙashin gado, gara tana leƙensu.

Lawali ya je ya same shi. Adamu ya miƙo masa kujera, ya ce, "Likita, ai taimakonka nike. Sunanka ya kai inda ƙafarka ba ta kai ba." Lawali ya kai ƙara, aka ce masa ana tare motoci a hanya ana kashe mutane, shi yana maganar takarda. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Na tausaya masa ƙwarai, don na ga yadda idonsa ya lalace wajen rubutun nan.

Daga nan ne ya ƙudura abin da ya ƙudura. Ya ƙara sababbin magunguna a littafin, ya sayar da ragunana biyu, da yardata, kada in yi masa ƙarya, ya koma Sakkwato. Ya dawo yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Ya buɗe sabon bugu ya nuna mini. A ƙasan kowane shafi akwai layi ɗaya da shuɗin tawada mai haske, fes ido yake ganinsa. Mai ɗab'in ne ya koya masa: injin fotokofi ba ya ganin wannan shuɗin, wurin fari yake fitowa.

Na ce, "To me ka rubuta da shuɗin?"

"Abin da ya hi tsada a kowane shahi. Gargaɗi."

Ya karanta mini. Wannan kada a ba tunkiya mai ciki. Wancan kada a sha nonon saniya sai an jima. Ya zo shafin allurar sammore, ciwon nan da ke ramar da dabba har ta faɗi, ya karanta: wannan ta shanu ce kawai, kada a yi wa raƙumi, kashe shi take yi.

Na ce, "Wanda ya sayi na Adamu fa, ta yaya zai san akwai abin da ya ɓace?"

Ya ce, "Wanda ya sayi na ɓarawo, ya tahi ɓarawo ya yi mishi magani. In aka gane nashi guntu na, kowa zai dawo ga na gaskiya."

Na ce masa wannan ba dabara ba ce, mugunta ce. Ya ce ba ni na sayar da babur ba. Muka kwana biyu ba ma magana. Adamu kuwa ko a jikinsa, shi da ba ya karanta abin da yake bugawa. Ya aika aka sayo masa sabon, ya ɗora a inji, shafuka suka fito tsaf, babu alamar an rage komai.

Da sanyi ya shigo Aghali ya zo. Aghali Buzu ne daga arewacin Barmu, aminin Lawali tun yana yawon riga-kafi a daji. A bukkarsa Lawali yake sauka, matar Aghali ta taɓa jinyarsa da zazzaɓi ya kayar da shi can. Fari ya cinye masa shanu da tumaki, abin da ya rage masa a duniya taguwoyi shida ne, raƙuma mata. Nononsu ne abincin 'ya'yansa, cukunsu ne kuɗin gishirinsa da shayinsa. Ya yi yaƙi da jahilci da girmansa, yana karatu da yatsa, kalma-kalma, kuma yana alfahari da hakan.

Ya ga littafin, ya juya shi, ya ga hoton amininsa, ya yi ta murna. Ya tambayi kuɗin. Lawali ya faɗa masa. Aghali ya ajiye littafin a hankali, ya ce sai ya sake shigowa gari.

Na ja Lawali bayan ɗaki na ce, "Ba ka jin kunya? Ba shi!"

Ya ce, "Kadidiya, in na ba ɗaya, mutanen ƙasarmu ta Adar duka aminaina na. Na rantse ba ni ba kowa kyauta."

Wallahi da na san inda abin zai kai, da na jefa masa shi a cikin jaka ko da saki ne zai biyo baya. Aghali ya sha shayi, ya yi sallama, ya tafi hannu wofi.

Bayan an kwana biyu wani direban motar Barmu ya yi sallama a ƙofarmu da hantsi. Ya ce Aghali ya ba shi saƙo. Wai a gaya wa likita ya samu littafinsa da araha a kasuwar Barmu, har biyu ya saya, ɗaya nasa ɗaya na surukinsa, don kuɗin su ƙaru wa amininsa. Wai taguwoyinsa suna ramewa, alamun duk irin na sammore ne yadda aka rubuta, ya sayi maganin, in ya isa rijiya zai yi musu. Allah ya yi wa likita albarka.

Lawali ya zauna a ƙasa, a nan ƙofar gida, da rigarsa ta aiki.

Na ce, "Tashi! Tashi ka tafi gidan rediyo yanzu. Kowane makiyayi da rediyo rataye a wuyansa. Ka ba da sanarwa, kada kowa ya yi wa raƙumi allurar nan."

"In ce mi? In ce ni likitan gwamnati na ɓoye gargaɗi da gangan? Gobe darakta ya kore ni. Mi za ku ci?"

"Ka ce na Adamu ba cikakke ba ne, shi ke nan!"

"Za a tambayi dalili. Adamu zai kawo nawa da nashi a aza a gani."

Na yi ihu, na yi kuka, na kira shi da sunayen da mace ba ta kiran mijinta. Na ɗauki mayafi zan tafi da kaina, ya tare ƙofa. Ya ce zai bi Aghali da ƙafarsa, ya san rijiyoyin, zai riga shi. Amma ba mota sai ranar kasuwa, kuma sai an jira rakiyar sojoji. Ya jira. Ina ganinsa yana zagaya tsakar gida, rediyo tana ta karanto gaisuwar biki da cigiyar jaki, bai je ba.

Ranar kasuwa ya tafi Barmu, ya shiga daji, ya dawo leɓe a tsage, bai same shi ba. Sun tashi daga inda ya san su, aka ce sun yi gabas neman ciyawa.

Aghali da kansa ya zo. Da la'asar ne, ina tankaɗe. Na ji sallama ƙasa-ƙasa, na leƙa, na ga mutum a tsaye da ƙafa duk faso, rawani ya yi dauɗa. Tun da nake ban taɓa ganin Aghali ya shigo Tawa a ƙasa ba. Na kawo ruwa na ajiye, na koma jikin zana na tsaya, don babu wanda ya isa ya kore ni ranar.

Lawali ya fito, Aghali ya ce masa duka shida ya yi wa allurar, rana ɗaya. Kafin yamma suka fara karkarwa, suna kumfa, suna buga kai a ƙasa. Babbar, wadda ke da ciki, ita ta fi daɗewa tana wahala. Surukinsa ma ya kawo nasa biyu ya yi musu, tunda shi ne mai karatu a cikinsu. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidan ubanta, don babu abin da za a sa musu a baki.

Ya zaro littafin Adamu daga aljihu, ya lanƙwashe, ya buɗe shafin, ya miƙa da hannu biyu.

"Likita, ban zo da faɗa ba. Karatuna ne bai nuna ba, na sani. Na ɓata maka suna a daji, ka yafe mini. Amma ka nuna mini inda na kuskure. Na bi shi da yatsa har sau nawa, ban gani ba, kuma barci ya ƙi ni."

Ni dai na toshe bakina da zane. Na ce a raina, in mutumin nan ya ce ƙaddara ce, yau zan bar gidansa.

Bai ce ba. Ya shiga ɗaki, ya jawo ɗaya daga ƙarƙashin gado, ya buɗe, ya ajiye kusa da na Adamu. Aghali ya sa yatsa ya bi baƙin rubutun, duk ɗaya ne. Ya iso ƙasa, yatsan ya tsaya a kan shuɗin. Ya karanta shi a fili, kalma-kalma, har ƙarshe. Ya duba nasa, wurin fari fat.

"Wa ya cire?"

Lawali ya ce, "Ni. Na sa shi da tawadar da inji ba ya gani."

"Ka rubuta, kuma ka ɓoye?"

"Saboda ɓarawon da ke satar littahin."

Aghali ya ɗago ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa, ƙoƙari yake ya gane. Sannan ya ce, "Shi ɓarawon, raƙumi gare shi?"



Aghali ya ja rawaninsa ya rufe fuska har ido. Ya tashi, ya bar littattafan biyu a kan tabarma, ruwan ma bai taɓa ba. A bakin ƙofa ya juyo wajena, ba wajen Lawali ba, ya tambaye ni ko na san inda motocin Legas ke lodi, an ce masa ana ɗaukar masu gadi a can. Na nuna masa da hannu. Ya yi godiya, ya bi hanyar tasha.