Gajeriyar Ƙofar Gidan Su Matyakub

Washegarin bikin 'yata Anargul, dangin ango suka kwashe mu a motoci zuwa kufan gidan kakanninsu, wai amarya ta gaida asalin mijinta. Gidan ƙasa ne mai ganuwa a bakin gonakin auduga, rabinsa ya zube, hasumiya ɗaya ta rage, tantabaru ke mulki a ciki.

Ƙofa biyu ce a tsaye. Babba ta 'yan gida, da wata ƙarama da ba ta wuce ƙirjina ba, wadda aka gina wa manoma don kada su shiga sai a sunkuye. Mu jikokin manoman ne, kowa ya sani.

Baffan ango, Matyakub, ya gyara hularsa ta fatar tunkiya ya tare babbar ƙofa.

"Suruka, ku taku ga ta can. Al'ada ce, ba raini ba."

Raina ya ɓaci. Na san in yarinyar nan ta sunkuya yau a gaban danginsa, haka za ta ƙare zamanta a gidansu. In kuma na ja ta muka juya, na kashe mata aure tun lallenta bai goge ba.

"Baffa, ai ganuwar ma ta faɗi," in ji Anargul, a hankali.

"Ba a tsallake ganuwa, yarinya. Ɓarawo ke tsallaka."

"Ɓarawo?" na ce. "Suruki, wa ya kwaɓa ƙasar nan? Kakanninku da hannayensu masu laushi? Namu sun tsaya a kanta tun ba a yanka muku ƙofa ba!"

Na tattare zanina, na kama hawa inda ginin ya rushe. Gwiwoyina suna ƙara, ƙasa tana zubo min a takalmi, mata suna salati. Ban waiwaya ba, don tsoro nake kada in ga ni kaɗai ce.

Da na kai sama sai na ji hannun Anargul a bayana, mayafinta duk ƙura.

"Allabergan!" Matyakub ya daka wa ango tsawa. "Zo ka shiga ta ƙofar ubanka!"

Yaron ya dubi baffansa, ya dubi matarsa a kan ganuwa. Sai ya cire sabbin takalmansa ya miƙa wa tsohon.

"Riƙe min, Baffa. Santsi gare su."