Gishirin Inna

A Tuzla muke zaune, garin da aka gina a kan gishiri, amma Inna ba ta taɓa yarda zai ishe mu ba. Daga garin Srebrenica ta gudo lokacin yaƙi, ni a goye, Yaya Nedim a hannu, babu Baba babu ƙannensa. Lokacin da sojoji suka tsare Srebrenica, gishirin da ake watsa wa titi saboda ƙanƙara suka riƙa tafasawa suna ci. Shi ya sa a gidanmu duk inda ka sa hannu sai ka taɓo shi, ƙarƙashin gado, bayan talabijin, har cikin mataccen injin wanki.

Da likita ya ce hawan jini zai kashe ta in ba ta rabu da gishiri ba, sai muka shirya dabara. Yaya zai zaunar da ita da shan kofi da surutu, ni kuma in riƙa zura ledojin gishirin waje ta taga. To, Yaya bai iya ƙarya ba. Kafin kofin ya huce ya jiƙe da gumi, yana ta satar kallon taga.

"Ku bi ta ƙofa mana, kamar 'ya'yan mutane," in ji Inna. "Akwai saura a cikin takalmana na sanyi."

Haushi ya kama ni, don na tanadi kalaman lallashi masu daɗi, ga shi ko kuka ba ta yi ba.

Muka cika mota, sai bola. Yaya, ƙato mai gemu, wanda ɗalibansa ke rawar jiki in ya yi tari, ya ɗaga leda ɗaya ya tsaya ƙiƙam. Ya ce bolar ta cika. Na ce ƙwarai kuwa, alhali ko rabi ba ta kai ba. Bola ta gaba ya ce tana wari. Wadda ke bi mata ni na rantse na ga kyanwa a ciki. Tsoro nake ji sosai, kuma ban san na mene ne ba.

Haka muka dawo da kayanmu cif. Inna na bakin ƙofa, ko mamaki ba ta yi ba.

"Ni fa na daɗe da ƙoshi da shi," ta ce. "Tun kuna yara, da kwalbar gishiri ta yi ƙasa sai ku daina cin abinci, ku zuba mini ido. Ku nake saya wa."