Babbar Rigar Baffa Ɗantani

Tun a bakin teku Murjanatu ta san Baffa Ɗantani ba yawon tsibiri ya kawo shi ba, laifi ya zo nema. Shi ne ƙanin mahaifinta, shi ne waliyyinta tun rasuwar Baba, kuma yau ne zai ce e ko a'a kan aurenta da Mubashir. Shi kuwa Mubashir, bawan Allah, a tunaninsa burge suruki ne ya ɗauko jirgin ruwa ya kai su tsibiran nan da aka cike teku da yashi aka ƙera. Tsohon da iyakarsa abra, ɗan jirgin fito, daga unguwar Al Ras zuwa tsallake, shi za ka burge da teku?

Kowa a jirgin ya sa kayan shan iska. Baffa kuwa shadda ya zubo, babbar riga ta sha sitaci, ga hula an kafa. Ruwa shuɗi tas, yashi fari sol, amma shi baki kawai yake taɓewa.

"Ƙasar ma ta kanti ce," in ji shi.

Da suka isa aka sauke ƙananan kwale-kwalen roba masu cin mutum biyu, waɗanda ake kira kayak. Murjanatu ta roƙe shi ya zauna a jirgi.

"Ni za a bari da mata? Yalla, maza kawo abin nan."

Mai jirgin ya miƙo masa rigar hana nutsewa, ta ƙi hawa kan babbar riga. Aka ce ya tuɓe babbar, ya yi musu wani kallo, ya ture ta hana nutsewar gefe. Aka ce mai nauyi shi ke zama a baya. Nan kuma Mubashir ya kafe, wai shi ba zai zauna a gaba ya juya wa babba ƙeya ba. Haka aka ɗora Baffa da tumbinsa a gaba, hancin kwale-kwalen ya duƙa cikin ruwa. Takaicin su biyun ya ishi Murjanatu, ta rasa wanda za ta fara jin haushi.

Ba su yi nisa ba iska ta shige rigar ta kumbura ta. Baffa ya saki filafili ya kai hannu zai tare hula, sai ji kake tanjam! Shadda ta sha ruwa, ta naɗe masa hannu da ƙafa tana jan sa ƙasa. Murjanatu ta ƙwalla salati. Mubashir ya cafko shi, ya ga rigar ce ajalin, ya fizge ta ta kansa ya sake ta, ya jawo shi har bakin tsibirin.

Ga Alhaji Ɗantani, mai shago a kasuwar Deira, zaune a yashi, daga shi sai singileti da wando, sanƙo a waje, Turawa na tafa wa Mubashir. Jirgi na kaiwa gaɓa Murjanatu ta iso a guje, hawayen murna na zuba, a ranta ta ce an gama, aure ya tabbata.

Ina! Baffa ko kallon yaron bai yi ba.

"Khalas, magana ta ƙare. Ba na surukuta da wanda ya tuɓe ni a bainar jama'a. Da wane ido zan riƙa amsa gaisuwarsa?"

Mubashir ya durƙusa, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Na yi kuskure."

Kuskure! Wannan kalmar ta fi komai ƙona mata rai. Ta dubi tsohon.

"Baffa, yanzu da ya bar ka ka nutse da rigarka, da ka fi so?"

Ya matse ruwan singiletinsa, ya tofar da yashi.

"Da ya fi mutunci. Ki faɗa masa kar in ƙara ganinsa a shagona."