Lalas a Damtsen Raed

Tun ranar da Ammi Abdulghaffar ya ce su je umra tare kafin a sa rana, Raed bai sake jin daɗin abinci ba. Tsohon, wanda Raed yake kira Ammi, wato baffa, shi ne mahaifin Tahani, yarinyar da yake nema, kuma ɗabi'arsa ke nan: duk mai neman 'yarsa sai ya yi tafiyar Makka da shi, ya ga sallarsa, ya ga haƙurinsa cikin cunkoso. Mijin babbar 'yarsa ta haka ya wuce. Wani kuwa daga dawowa aka mayar masa da kayansa.

Raed ba ya tsoron salla. Harami yake tsoro. A damtsensa na dama akwai tabon wuta, harafin Girka mai lanƙwasa kamar kofaton doki, ya kumbura ya yi baƙi. A Amurka aka yi masa, shekarar da zai gama jami'a, alamar ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai baƙar fata. A Jidda dogon hannun riga ya rufa masa asiri har a wajen mahaifiyarsa. Amma mai ɗawafi sai ya buɗe kafaɗar dama.

Da safe ya tsaya da mota a unguwar Bani Malik. Tsohon ya fito da nasa haramin, yana jan silifa.

"Yalla, ya waladi, mu tafi ɗana, kafin rana ta yi zafi."

Raed ya naɗe mayafin har wuya, kamar mai zazzaɓi. Sun bar gari lafiya, suna talbiya, muryar tsohon a sama, tasa a ƙasa. Sai wata babbar mota ta kutso musu. Ya murza sitiyari da ƙarfi, mayafin ya zame har gwiwar hannu, a gefen da tsohon yake zaune.

Talbiyar ta tsaya.

Raed ya ja mayafin. Suka yi tafiya mai tsawo.

"Wane mai magani ne ya yi maka?" in ji tsohon.

"Na'am, Ammi?"

"Lalas. Kayy, in ji Larabawa. Ni ba yaro ba ne. An yi wa ƙanena a unguwar Ruwais muna ƙanana, da ƙarfe ja, saboda farfaɗiya. Bai warke ba. Matarsa ta ƙare rayuwarta tana sa masa cokali a baki." Ya juyo gaba ɗaya. "Ba a yi wa mutum babba haka don ciwon kai. Kana faɗuwa?"

Raed ya yi ta shirya amsoshi mako guda, a kan haramci, a kan kafirai, a kan ƙungiyar asiri. Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya ga cewa zai iya cewa ciwon ƙuruciya ne, ya warke. Ya kuma ga cewa tsohon ba zai ba da Tahani ga mai irin wannan tarihin ba, ko ya rantse da Alƙur'ani.

"Ban taɓa faɗuwa ba, Ammi. Ni na miƙa hannuna."

"Lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau."

"To, hauka ce ke nan."

Raed ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya yi bayani yana kallon titi. Ƙungiyar ta haura shekara ɗari. An kafa ta lokacin da ƙungiyoyin ɗaliban Turawa ba sa karɓar baƙi, sai wasu samari suka haɗa tasu, su riƙe juna har su gama karatu. Daga cikinta aka sami alƙalai da likitoci da malamai, da waɗanda suka sha duka a titi don baƙar fata ya sami ikon jefa ƙuri'a. Lalas ba dole ba ne. Wasu suna yi, wasu ba sa yi.

"Kiristoci ne?"

"Yawancinsu."

"Kun yi wa wani abu sujada?"

"A'a, wallahi."

"To me suka ba ka da ya kai fatarka?"

"Da Babana ya rasu ban sami dawowa ba. Sun kai ni masallaci aka yi masa sallar ga'ib. Suka tsaya a waje cikin ƙanƙara har muka idar."

Tsohon ya kalli tagar gefensa. Duwatsu suna wucewa.

"Babanka mutumin kirki ne," in ji tsohon. "Da ya ga wannan da ya zane ka."

"Haka ne."

"Allah ya yi maka fata lafiyayya ka kai wa samari su gasa kamar naman Sallah. Mu baƙaƙe da ake kira Takruni a wannan garin tun kakanninmu, wa ka ga ya ƙona hannunsa?"

Tsohon ya juyo ya kalle shi.

"Tahani ta sani?"

"Ta sani."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Tsohon ya yi tsaki, ya gyara zama. Alamar shingen bincike ta bayyana a gaba, motoci suka fara rage gudu.

"Ciwo nake tsoro. Wauta kuwa kowa da tasa. Halas, magana ta ƙare. Jikokina dai ba wanda zai kusance su da ƙarfe."

"Ba wanda zai kusance su, Ammi."

"Kada ka yi saurin murna. Uwarta ba ta shan ko ruwa a gidan mai zane a jiki. Ni ba zan gaya mata ba, kuma ba zan ɓoye mata ba. In mun dawo, kai za ka naɗe hannun rigarka a gabanta."

Ya ɗaga murya ya ci gaba da talbiya. Raed ya bi shi.