Kowa Ya Zo da Kujerarsa

Ba likita ba ne, malamin asibiti ne da ya yi ritaya, amma unguwa ta riga ta liƙa masa Likita, shi kuma ya gaji da gyara wa mutane. Siyasa kuwa bai san gabanta ba balle bayanta. Maƙwabta ne suka tura shi neman kujerar kansila, ya yarda don yana son a sake buɗe ƙaramin asibitin unguwa da aka garƙame shekara uku ke nan.

Mai riƙe da kamfen ɗinsa matar marigayi yayansa ce, wadda kowa ke kira Uwar Tafiya. Shekara talatin tana wannan harka. 'Yan takara tara ta riƙe, bakwai suka ci, biyun da suka faɗi kuma har gobe suna cewa don sun ƙi jin maganarta ne. Ba ta taɓa riƙe makirfo ba, babu fosta mai hotonta. Aikinta shiga gida ne da fita gida, da jaka a hammata da takalmin roba. Likita yana shakkarta fiye da yadda yake shakkar abokin hamayyarsa.

Abokin hamayyar shi ne Mai Tifa, wanda motocinsa ke kai yashi ko'ina a garin. Shugaban jam'iyya ya yanke magana: ranar Asabar zai zo taron Likita a filin firamare. In fili ya cika, tikiti nasa ne. In bai cika ba, a ba Mai Tifa, kowa ya huta.

Ranar Juma'a da safe Likita ya je wurin mai hayar kujeru, ya tarar da shago wayam. Shago na biyu ma haka, na uku ma haka. Mai Tifa ya kwashe kujeru da rumfunan yankin kaf, ya jibge a harabar gidansa, ba taro zai yi ba, ba komai ba. Likita ya isa gidan Uwar Tafiya yana haki, ya same ta tana ɗinke igiyar takalminta.

“Yaya, an gama da mu. Ko kujera ɗaya babu a garin nan.”

“Ka karya kuwa?”

“Yaya, kin ji abin da na ce?”

“Na ji. Ni na sa aka raɗa wa mutanen Mai Tifa cewa ba mu kama kujeru ba tukuna.”

Ya tsaya baki buɗe. Haushi ya zo masa har wuya, amma matar yaya ce, ba a ɗaga mata murya. Ta ciji zaren, ta ce ya je gida ya goge rigarsa.

Asabar ƙarfe uku da rabi, babu komai a filin sai tebur ɗaya da lasifika da akuya biyu. Shugaban jam'iyya ya iso da wuri, ya ƙi fitowa daga mota, gilashi a rufe. Likita yana tsaye da takardar jawabin da surukinsa lauya ya rubuta masa, mai kalmomin da shi kansa sai ya yi numfashi biyu kafin ya ƙetare su. Kunya ta ishe shi, har ya fara tsara yadda zai ba shugaban haƙuri.

Sai ga wata mata ta ɓullo ta kwanar masu walda, da kujerar katako a ka. Bayanta wani tela da kujerar kekensa. Bayansu mutum uku sun tallabo doguwar kujerar falo, kushin da komai, suna dariya. Likita ya waiga hagu, ya ga layin famfo ya cika. Ya waiga dama, ya ga na bayan tasha ya cika. Ba ka ganin fuska, sai ƙafafun kujeru a sama suna tafe a hankali ta kowace kafa. Masu shaguna suka fito kallo, wasu suka ɗauki bencin ƙofar shago suka bi sahu.

Da aka fara sauke kujerun, ya kai ido kan wata shuɗiyar kujera da aka ɗaure ƙafarta da waya. Ya san ta. A kanta ya wuni yana canza wa wani direba ledar ƙarin ruwa, shekarar da aka yi amai da gudawa. Ga wata 'yar guntuwa da ya zauna a kai yana ɗinke goshin wata yarinya, ga yarinyar ma a gefenta, ta girma har da goyo. Ga ta roba mai tsagaggen hannu da ta taɓa kayar da shi a gaban mara lafiya. Ya bi su layi layi, ya rasa wadda bai sani ba.

Uwar Tafiya tana tsaye bayansa. Ba tare da ta dube shi ba ta ce, “Sati uku ina bin gidaje. Ban roƙi kowa ƙuri'a ba. Tambaya ɗaya nake yi: ya taɓa shigo muku? Duk wanda ya ce e, sai in ce ya kawo abin da ka zauna a kai.”

Ya ninke takardar lauya ya cusa a aljihu. Ya kama makirfo, ya nuna shuɗiyar kujerar.

“Direba, har yanzu ba ka gyara ƙafar nan ba?”

Fili ya ɗauki dariya da tafi. Daga nan bai san me ya faɗa ba, ya dai bi kujeru yana kiran masu su, suna amsawa, wasu na share hawaye.

Shugaban jam'iyya ya fito, ya rasa wurin zama, domin babu kujerar da ta yi saura. A tsaye ya ƙare taron. Ya matsa kusa da Uwar Tafiya ya tambaye ta da motoci nawa ta kwaso mutanen.

“Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Da ƙafarsu suka zo.”

Ya daɗe yana kallon filin, sannan ya kama hannun Likita ya ɗaga sama.

Da aka fara watsewa, Likita ya juya wurinta, yana neman kalmar godiya, sai ga hawaye.

“Kuka a gida ake yi,” in ji ta. “Ga tsohon can mai benci, daga bayan tasha ya zo. Je ka kai masa.”

Ya je, ya gaida tsohon, ya sunkuya ya cicciɓi bencin. Katako ne mai kauri, irin na da. Sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ya iya ɗora shi a ka.