Ledar da Na Naɗa

"Wa ya naɗe tukunyar nan da leda?" Kezia ta tambaya, tana yage ledar da farce.

Ni ne na naɗe ta. Mahaifinta, Malam Zacchaeus, kwanansa biyu a asibiti bai farfaɗo ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Azare. Shekara talatin yana koyar da kimiyya a sakandare. Ni ko aji uku ban gama ba na hau acaɓa. Yana da ciwon sukari, allurarsa ba ta son zafi, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Sai ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya sa kwalbar allurar cikin ƙaramar, ya ajiye a zaure inda iska ke ratsawa.

"Abdulrahim, sa hannunka," yakan ce. "Ka ji sanyi? Ruwan da ke tashi daga jikin tukunyar shi ke tafiya da zafin. Gumi take yi, kamar kai. Zauna in nuna maka."

"Baba, fasinja na jira."

"Kullum fasinja! Mashin ɗin naka ma iska ke sanyaya injinsa, ka sani?"

Sai in yi dariya in wuce.

Da Kezia za ta tafi biki Bogoro, ƙafar Malam ta kumbura, ba ya fitowa zaure. Ta bar mini aikin jiƙa yashin da kai masa allura. Watan Afrilu ne, kafin in dawo daga kasuwa yashin ya bushe ƙayau. Sai na yi dabara, na naɗe tukunyar da leda don kada ruwan ya gudu. Bai ƙara bushewa ba, har ina jin daɗi.

"Yau kwalbar ba sanyi," ya ce ranar ta huɗu.

"Hannuna ne, Baba, yanzu na sauko daga mashin."

Kwana tara muna haka, har aka kai shi asibiti.

Da ta gama yage ledar, Kezia ta zura hannu cikin tukunyar. "Ɗumi," ta ce. Ta dube ni sau ɗaya.

Ya rasu ran Alhamis da hantsi. Likita ya ce sukarin ne ya hau, ga kuma tsufa. Kezia ba ta faɗa wa kowa zancen ledar ba. Danginsa suka tafi da gawar garinsu, suka bar tukunyar a zaure.

Jiya na jiƙa yashin, na zauna. Wata mata a bakin titi tana ta kiran "Mai mashin!" Ban tashi ba. Na ɗora tafin hannuna a jikin tukunyar, tana yin sanyi a hankali.