Hoton Bizar Auta

Shekara goma sha tara ke nan Yaya yana ɗaukar hoton fasfo a shago ɗaya, gaban farin ƙyalle ɗaya. Duk wanda zai bar ƙasar daga unguwar sai ya zauna a kujerarsa tukuna, ya ɗaga haɓa, ya rufe baki. Shi kuwa ko filin jirgi bai taɓa shiga ba.

Da hantsi ƙanensa Auta ya faɗo shagon, yana kaɗa takarda.

"Yaya, sun karɓa! Hotunana shida, a baje kolin hotuna na duniya. Wai in zo da kaina in yi bayani."

"Waɗanne? Na masu barcin nan a tashar mota?"

"Su fa. Bana a kan matafiya ake yi."

"Rabinsu a karkace suke."

"To ai karkacen suke so," in ji Auta, yana dariya. "Ɗauke ni na biza. Gobe da safe zan miƙa takardu. In na rasa goben, sai bayan wata biyu, an riga an sauke hotunan."

Yaya ya kunna fitilu. Shi ya koya wa Auta riƙon kyamara, shi ya hana shi sare ƙafafun mutane a hoto. Yanzu ga shi baƙi za su tsaya gaban aikin Auta suna gyaɗa kai.

Auta ya zauna, gilashinsa na ƙarin gani a fuska. Yaya ya gani sarai. Ofishin jakadancin ƙasar da Auta zai je ya daina karɓar hoto mai gilashi tun bara. Mutum uku aka koro masa a kan haka. Auta bai sani ba. Shi ba ya karanta ƙa'ida, shi mai fasaha ne.

Yaya ya leƙa ta kyamara yana lissafi. Ba zai yi ƙarya ba. Ba zai ɓata komai ba. An ce ya ɗauka, zai ɗauka. Wanda ya yi shiru, me ya aikata? Ya danna.

Ya wanke, ya yanka guda huɗu daidai awo, ya zuba a ambulan. Ya miƙa wa Auta.

"Kai, na fito kamar minista," in ji Auta. "Me zan kawo maka tsaraba?"

"Ba na son komai."

Auta ya kai bakin ƙofa, har ya ɗaga labule.

"Kai. Dawo."

"Lafiya?"

"Cire wannan gilashin ka zauna. Ba sa karɓa da shi."

"Af! Shi ne sai yanzu?"

"Mantawa na yi."

Auta ya zauna yana ƙifta ido. Yaya ya gyara masa wuyan riga da ƙarfin da ya wuce bukata, ya matsa da fitila har inuwar bayan kansa ta ɓace. Hoton ya fito tas, babu jami'in da zai sami abin cewa.

"Ka gani?" in ji Auta, yana maida gilashinsa. "Da wani shagon na je, da sun bar ni na tafi a haka, ko a jikinsu. Shi ya sa ɗan'uwa daban ne."

Yaya bai ɗago ba. Ya jawo almakashi ya shiga yanka hotunan farko ƙanana-ƙanana.

"Ja min labulen in ka fita," ya ce. "Haske yana shigowa."